Abin Da Ya Sa Jan Zoɓo Ke Sauyawa A Cikin Waya

Idan kaka ta yi, aka cire zoɓo aka shanya, manoma da ƙananan 'yan kasuwa a Kafin Hausa da Bulangu da ƙauyukan kewaye sukan shiga neman mai saye. A da, sai mutum ya ƙulla samfur, ya hau mota zuwa Maigatari ko kasuwar Dawanau ta Kano. Yanzu da yawa ba sa tashi daga gida. Yaro zai ɗauki kayan a bidiyo da waya, a tura wa dillali, a yi ciniki daga nesa.

Wannan sauƙi ne babba, amma yana tafe da tasa rigimar. Manomi ya san zoɓonsa ja ne mai duhu, irin wanda masu kai shi ƙasashen waje kamar Meziko suke nema. Dillali kuwa ya buɗe bidiyon, ya ga launi ya koɗe, ya rage kuɗi. Wani lokaci akasin haka ake samu. Waya ta ƙara wa kaya kyau, a ɗora buhuna a mota, su isa Kano, mai saye ya ce ba abin da aka nuna masa ke nan ba. Daga nan sai zargi ya shiga tsakani, alhali babu wanda ya yi niyyar cutar wani. Haka take faruwa ga masu riɗi, da mata masu sayen atamfa da shadda ta waya.

Kafin a gane inda matsalar take, sai an san mene ne bidiyo, da yadda waya ke ajiye shi.

HOTON BA YA MOTSI

Abu na farko da zai ba mai karatu mamaki shi ne, babu hoton da ke motsi a cikin bidiyo. Hotuna ne tsayayyu, masu yawa, ake nuna su ɗaya bayan ɗaya da sauri. Kowane ɗaya ya ɗan bambanta da na bayansa. Ido da ƙwaƙwalwa su ne ke haɗa su, sai mutum ya ga kamar tafiya ake yi.

Duk wanda ya yi wasan dare yana yaro ya san irin wannan. Idan aka ɗauki kara mai garwashi a baki aka wulwula shi da sauri, sai a ga zoben wuta. Babu wani zobe. Garwashi ɗaya ne, saurinsa ne ya fi ƙarfin ido.

Masu sana'ar fim suna kiran kowane hoto guda da sunan firem. A nan za a kira shi falle, kamar fallen takarda.

Doki ma ya taimaka wajen tona wannan asiri. A shekarar 1878, a Kalifoniya ta ƙasar Amurka, ana gardama a kan ko doki mai sukuwa yakan ɗaga ƙafafunsa huɗu duka daga ƙasa a lokaci guda. Ido ba ya iya tantancewa. Wani mai ɗaukar hoto ɗan Ingila, mai suna Muybridge, ya jera kyamara 12 a gefen hanya. Doki na wucewa, kowace ta ɗauki falle ɗaya. Da aka wanke hotunan sai ga doki a sama, babu kofato ko ɗaya a ƙasa. Daga baya ya ƙera wata na'ura mai juya hotunan da sauri, jama'a suka ga doki yana gudu a jikin bango. A shekarar 1895 kuma wasu 'yan'uwa biyu masu suna Lumiere suka fara nuna fim ga masu biyan kuɗi a birnin Paris na Faransa.

Dattawan da suka ga zamanin En'e za su tuna motar majigi. Takan zo gari da yamma, a kafa farin ƙyalle a fili, a nuna finafinai irin su Baban Larai mai koyar da noma. Wanda ya taɓa ɗaga zaren fim ɗin majigi ya duba a hasken rana, ya ga ƙananan hotuna a jere kamar 'ya'yan carbi. Waɗannan su ne fallayen. Waya ma haka take yi har yau, sai dai ita ba ta da zare.

FALLE NAWA A SAKAN ƊAYA?

Idan fallayen da ake nunawa a sakan ɗaya ba su kai kamar 10 ko 12 ba, ido yakan gane su ɗai-ɗai. Mutum zai ga hoto yana tsalle-tsalle. Idan sun haura haka, motsi ya fara daidaita.

Finafinan farko marasa magana sukan yi falle 16 zuwa 18 a sakan. Da aka sa wa fim murya a ƙarshen shekarun 1920, sai aka tsaya a kan 24. Har gobe yawancin finafinan silima a kan 24 suke.

Talabijin kuwa wutar lantarki ta bi. Wutar Nijeriya da Nijar da Ingila tana kai da komowa sau 50 a sakan. Saboda haka talabijin na waɗannan ƙasashe aka ɗora shi a kan falle 25, wato rabin 50. A Amurka wutarsu sau 60 take yi, nasu talabijin ya zama wajen falle 30. Yawancin wayoyin hannu ma 30 suke ɗauka, sai fa in mai waya ya sauya.

Ga lissafi mai sauƙi. Fim na awa biyu a kan falle 25 yana da hotuna 180,000. Bidiyon zoɓo na minti ɗaya da yaro ya ɗauka da waya yana da hotuna 1,800.

Masu zuwa gidan kallon ƙwallo sun saba ganin an maimaita cin ƙwallo a hankali, ɗan wasa yana tafiya kamar cikin ruwa. Dabarar ita ce, kyamara ta musamman ta ɗauki fallaye masu yawa, kamar 120 ko 240 a sakan, sannan a nuna su 25 ko 30 a sakan. Abin da ya faru cikin ƙiftawar ido sai ya ɗauki lokaci. Haka kuma, wani lokaci a fim akan ga tayar mota tana juyawa baya alhali motar gaba take yi. Ba tsafi ba ne. Tsakanin falle da falle tayar ta kusa cika zagaye amma ba ta cika ba, sai ido ya ɗauka baya ta koma.

Akwai abin lura a nan. Tun da ana iya rage gudun fallaye ko a cire wasu, ana iya yi wa mutum sharri da bidiyonsa na gaskiya. A shekarar 2019 an rage gudun wani bidiyo na Nancy Pelosi, wadda a lokacin take shugabar majalisar wakilan Amurka. Maganarta ta yi nauyi kamar ta wanda ya sha ya bugu, miliyoyin mutane suka kalla kafin a nuna na asali. Ba a ƙara komai a cikinsa ba, gudu da sautin murya kawai aka taɓa.

KOWANE FALLE ƊIGE-ƊIGE NE

To, shi fallen da me aka yi shi?

A dubi hula mai aikin hannu. Daga nesa ana ganin zane mai kyau, da fure da layi. Idan aka matso da ita kusa da ido, sai a ga ɗinki ne ƙanana, ɗaya kusa da ɗaya, kowane da launin zarensa. Hoton waya haka yake. Ɗige-ɗige ne ƙanana ƙwarai, a jere layi-layi. Masana suna kiran kowane ɗigo fiksel. Idan ɗigon ruwa ya faɗa a gilashin waya ko talabijin mai farin haske, akan iya hango su ta cikinsa.

Lambobin da ake gani wajen zaɓen ingancin bidiyo, kamar 360 da 720 da 1080, yawan layukan ɗigon ne daga sama zuwa ƙasa. Bidiyo mai 360 yana da ɗigo 640 a kowane layi, jimla 230,400. Mai 1080 yana da 1,920 a kowane layi, jimla 2,073,600. Wato ya ninka na farko sau tara. Shi ya sa ya fi fitowa tas, shi ya sa kuma ya fi cinye data da cika memori. Mai kallon fim a ƙaramar waya, in ya zaɓi 1080, yawanci kuɗinsa yake ƙonawa a banza, domin gilashin bai kai ya nuna bambancin sosai ba.

LAUNI UKU NE KAWAI

Waya ba ta san zoɓo ba, ba ta san ja ba. Lamba kawai ta sani. Kowane ɗigo lambobi uku ne ke riƙe da shi: nawa ne hasken ja, nawa ne kore, nawa ne shuɗi.

Dalilin ukun yana cikin idon ɗan Adam. Allah ya halicci ido da ƙwayoyi iri uku masu gane launi. Duk launin da mutum ke gani, daga haɗuwar saƙon waɗannan ukun yake fitowa. Wani masani ɗan Sikotilan mai suna Maxwell ya nuna haka a shekarar 1861, inda ya haska hotuna uku na abu ɗaya ta gilashi ja da kore da shuɗi, launuka suka fito.

Haɗa haske ba kamar haɗa rini ba ne. Marini in ya yi ta zuba launi a kan launi, abin baƙi-baƙi yake komawa. Haske kuwa ƙaruwa yake yi. Hasken ja da na kore in sun haɗu, rawaya suke bayarwa. In ukun duka suka haɗu da ƙarfinsu, fari ne. In aka kashe su duka, baƙi.

A yawancin bidiyo, kowane launi yana da matakai 256, daga 0 zuwa 255. Sifiri yana nufin a kashe, 255 kuma a kunna iya ƙarfi. Ja jawur shi ne 255 da 0 da 0. Fari shi ne 255 sau uku. Jan zoɓo mai duhu zai zama ja wajen rabi, da kore kaɗan, da shuɗi kaɗan. Da waɗannan matakai ana iya fitar da launi fiye da miliyan 16.

Yanzu a yi lissafi. Falle ɗaya mai 1080 yana da ɗigo fiye da miliyan biyu, kowane da lamba uku. Wannan ya kai wajen MB 6. Minti ɗaya falle 1,800 ne. Ke nan bidiyon minti ɗaya zai kai kusan GB 11. Da haka ake barin sa, da memorin GB 32 bai ɗauki minti uku ba. Amma kowa ya san bidiyon minti ɗaya a waya bai fi kamar MB 100 ba, wani ma bai kai ba. Ina sauran suka tafi?

Zubar da su aka yi. A nan ne kuma zoɓo ke shan wahala.

YADDA AKE MATSE BIDIYO

Dabara ta farko a kan launi take. Masana sun gano cewa ido ya fi kula da haske da duhu a kan launi. Da dare a farin wata mutum yana gane siffar raƙumi da bishiya sarai, amma ba zai iya faɗin launin rigar mai tafiya ba. Saboda haka kafin a ajiye bidiyo, akan raba kowane falle gida biyu. Gida ɗaya na haske ne, wato hoton baƙi da fari. Ɗayan kuma na launi.

Wannan rabo ya samo asali tun lokacin da aka ƙirƙiro talabijin mai launi. An so masu tsohon akwati baƙi da fari su ci gaba da kallo, sai aka bar saƙon haske yadda yake, aka goya masa launi a gefe.

Kowane ɗigo ana bar masa haskensa. Amma launi, sai a haɗa ɗigo huɗu maƙwabta a ba su guda ɗaya su raba, kamar yara huɗu a kan akushi ɗaya. Ɗigo huɗu da za su ci lamba 12, yanzu 6 suke ci. Nan take an rage rabin kaya, kuma yawancin masu kallo ba sa lura.

Sai dai ba duk launuka ne ke jure wannan daidai ba. Idan aka kasa hasken hoto kashi goma, kore ne ke ɗauke da wajen bakwai. Ja yana da kamar biyu, shuɗi bai cika ɗaya ba. Abu mai ja ƙwarai, yawancin kamanninsa a gidan launi suke, gidan da aka rage. Shi ya sa jar hula da jan rubutu sukan yi dishi-dishi a bidiyo, gefensu ya yi kamar ya zuba. Tarin busasshen zoɓo, da jansa mai duhu da ƙananan lanƙwasarsa, yana cikin abubuwan da bidiyo ya fi cuta.

Dabara ta biyu ta fi ta farko rage kaya. A ɗauki mai karanta labarai a talabijin. Bangon bayansa bai motsa ba, teburinsa bai motsa ba, bakinsa da idonsa ne kawai ke aiki. Me zai sa a ajiye hoton bango sau 25 a kowane sakan? Sai na'ura ta ajiye cikakken falle guda. Waɗanda ke biye, abin da ya sauya kawai take rubutawa. Kamar mai tsaron sito ne da ya ƙirga buhuna ranar Asabar. Sauran kwanaki ba ya sake ƙirgawa, sai ya rubuta an fitar da biyu, an shigo da biyar. Bayan ɗan lokaci sai a sake ajiye wani cikakken falle, a ci gaba daga kansa.

Wannan ne ya sa idan hadari ya taso ana kallon ƙwallo ta tauraron ɗan Adam, hoto yakan farfashe ya zama 'yan murabba'ai. Wani saƙo ne ya ɓata a hanya, lissafi ya rikice. Na'ura tana aiki ne da hoto yanki-yanki, shi ya sa ɓarnar ke fitowa da kusurwa huɗu. Da zarar cikakken falle na gaba ya iso, sai hoto ya warke.

Shi ne kuma dalilin da ya sa bidiyon hawan salla a Haɗeja yakan fito a dagule. Dawaki na sukuwa, ƙura ta tashi, jama'a na motsi, mai waya shi ma hannunsa na rawa. Komai yana sauyawa lokaci guda, babu abin da za a ce yana nan kamar ɗazu. Tun da an ƙayyade wa na'ura yawan lambar da za ta kashe, sai ta shafe ƙananan abubuwa.

Matse bidiyo kamar yin kauɗar tumatir ne. Kaya ya yi sauƙin ɗauka, ya daɗe a ajiye, miya kuma ta yi daɗi. Amma ko an jiƙa shi, ba zai koma ɗanye ba.

KOFI DA MATSI BA ƊAYA BA NE

Fim ɗin Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi a Kano a shekarar 1990, a kaset ya fito. Kaset ba lamba yake ajiyewa ba. Idan aka yi kofi daga kofi, hoto yakan yi ta lalacewa, har fuska ta koma kamar an shafa mata toka. Da faifan bidiyo na CD ya zo, an koma lambobi. Ɗigonsa 352 ne a layuka 288, kuma bai ɗaukar fiye da minti 74 zuwa 80. Wannan ya sa dogon fim yakan zo a faifai biyu.

Lamba ba ta tsufa wajen kofi. Idan mai tura finafinai a bakin kasuwa ya zuba wa mutum fim a memori, ko aka tura daga waya zuwa waya ta Bluetooth ko Xender, abin da ya fita shi ne ya shiga, ko sau ɗari aka yi. Wanda ya ce fim ya dusashe don an tura shi da yawa ta wannan hanya, bai faɗi daidai ba.

Inda ake asara shi ne wajen sake matsewa. Idan aka ɗora bidiyo a WhatsApp ko Facebook ko TikTok, sukan sake matse shi don ya yi saurin tafiya. Ɗigo ya ragu, launi ya ƙara raguwa. Wani ya sauke, ya ɗora a wani wuri, a sake matsewa. Kauɗa ce ake ta sake shanyawa. Bidiyon zoɓo da ya bi ta hannun mutum uku a haka kafin ya kai ga mai saye, ba shi ne wanda ya bar Kafin Hausa ba.

Bayan wannan akwai laifin kyamara da na gilashi. Kyamarar waya ba ta san irin hasken da ke wurin ba, cinta take yi. Takan nemi abin da take zaton fari ne, ta gyara sauran launuka a kansa. Ƙwan lantarki yakan ja hoto zuwa rawaya. Ranar la'asar sakaliya tana ƙara ja. Hazon hunturu, wanda a lokacinsa ake cinikin zoɓo, yana kashe launi. Idan tarin zoɓo ya cika hoton gaba ɗaya, kyamara ba ta da abin gwadawa, sai ta ga duhu ya yi yawa ta ƙara haske, jan ya koɗe. Wasu kamfanonin waya kuma da gangan suke ƙara wa launi ƙarfi don hoto ya burge. A can ɓangaren mai saye, gilashin wayarsa daban ne. Mai yiwuwa ya rage haske don batir, ko ya kunna abin kare ido da ke mayar da gilashi rawaya-rawaya.

Mai son kayansa su fito kusa da gaskiya yana da abin yi. Ya goge idon kyamara da tsumma mai laushi, domin maiƙon hannu da ƙura suna sa hazo. Ya ɗauka da hantsi, a waje, a inuwa mai haske, ba cikin ɗaki ba kuma ba a tsakar rana ba. Ya ajiye farar takarda a gefen kayan, ta fito a cikin hoton. Takardar tana taimakon kyamara, tana kuma taimakon mai saye. In ya ga takarda ta yi rawaya ko shuɗi-shuɗi, ya san launin zoɓon ma ya gurɓata. Ya riƙe waya da hannu biyu, ya tafi a hankali, kada ya yi ta lilo da ita. Hoto tsayayye guda biyu ko uku sukan fi bidiyo nuna launi, kuma sun fi araha wajen turawa.

Wajen aikawa ta WhatsApp, akwai alamar HD da aka ƙara a shekarar 2023, wadda ke rage yawan matsi. Wanda ya fi shi ne a aika bidiyon a matsayin fayil, domin a nan ba a taɓa shi. Zai fi cin data, don haka sakan 20 ya isa. Idan kuma cinikin na buhuna masu yawa ne, a kammala maganar farashi bayan direban da ke zuwa Kano ya kai ƙullin samfur hannun dillali, kowane ɓangare ya ajiye rabi har ranar da kaya za su sauka.